Shekarar da Na Bi Yayanku Ƙarƙashin Teku

Akwai maganar da nake so in daidaita tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami, don na ji yadda ake juya ta a gidajen suna da zaman makoki, har wasunku sun fara ɗauka. Ana cewa yayanku gudu ya yi daga gida ya bi Turawa cikin teku, ni kuma da na ga abin ya fi ƙarfina sai na ja bakina. Dangin Anacha kuma suna cewa yawon shaƙatawa na tafi da furfurata, na dawo na karya alkawarin da na yi wa yayana. Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyun akwai gaskiya a wutsiyarta, kuma zan faɗe ta yadda take. Yayanku bai gudu ba. Ni na sallame shi, da bakina, idona biyu.

Ba za ku ga na kira sunansa a nan ba. Ɗan fari ne, ni kuwa a ƙauyen Dambatta aka haife ni, inda uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Ku da aka haifa a Fatakwal kuna yi wa wannan dariya, amma haka na tashi, haka kuma na riƙe shi. Tun da aka yaye shi ban ƙara kama hannunsa ba. Idan ina da magana sai in aika ƙanwarsa, shi ma idan yana da ita sai ya aiko. Inda duk kuka ga sunan a rubutun nan, daga bakin wani ya fito.

Baffanku Sale, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ɗauko ni daga ƙauye ban san komai ba sai fartanya. A shagonsa na taya a Anacha na fara kwana, a kan tayoyin, shi kuma ya saya mini barona na farko. Daga nan na gangaro Fatakwal, na tura ruwa a Mile 2 ta Diobu, na shiga sayen gwangwan, har na lura cewa injunan kwalekwalen da masunta ke zubarwa a matsayin ƙarfe, idan ka haɗa matattu uku kana iya tayar da ɗaya mai rai. Wannan lurar ce ta ciyar da ku. Na kama shago a bakin ruwan Borokiri, daga baya na fara zuwa Dubai ina ɗauko injuna na hannu. Shi kuwa Yaya Sale, Allah ya ba shi 'ya'ya mata, bai ba shi namiji ba. Saboda haka ranar sunan yayanku, bayan an shafa fatiha, na ce a gaban jama'a, Yaya ga ɗanka. Ba sabon abu na yi ba, haka ake yi da ɗan fari a wurinmu. Ya ce a bar shi wurin uwarsa ya yi karatu, idan ya zama mutum ya zo Anacha ya riƙe shago. Aka tashi a kan haka.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne Borokiri. Yaron ya tashi cikin 'ya'yan masunta, kafin ya iya karatun Fatiha da kyau ya iya iyo. Mahaifiyarku ta karya tsumagiya ba iyaka a kansa, a banza. Da ya zama saurayi, idan injin wani ya kwance daga kwalekwale ya faɗa ruwa, sai ka ji ana kwala kira daga bakin gaɓa, "Habibu, abeg come, engine don fall!" Ya shiga, ya ɗaure shi da igiya, a jawo. Daga nan ya manne wa masu nutso na jiragen mai, ya yi kwas, ya samu takarda, ya ƙara wani kwas ɗin har ya samu ta koyarwa. A shagona kuwa yana zama ne kamar wanda aka ba ajiya. Ba ya ha'inci, ba ya ƙiwa, amma mai saye yana yin tayi ɗaya zai ce ya sallama, idonsa yana kan ruwa.

Wani da suka yi aiki tare ya samo masa gwaji na 'yan watanni a tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Jirgi ne mai ɗakunan kwana da kicin, kamar ƙaramin otal a kan ruwa. Baƙi su biya su shiga mako guda ko fiye, a nan za su ci, a nan za su kwana, jirgin yana zagaya tsibirai. Inda duk ya tsaya sai su goya tukunyar iska su nutse, mutum irin yayanku yana jagorantar su. Ba kifi suke kamawa ba, ba kaya suke tsamowa ba. Kallo kawai. Na bar shi ya je ne don ina ganin zai gaji ya dawo. Sai ga saƙo ta bakin Zainabu, ke kin tuna don ke kika kawo shi: mai jirgin yana so ya riƙe shi dindindin, shi kuma ba zai amsa ba sai da albarkata. Idan na ce a'a, zai haɗa jakarsa ya wuce Anacha. A shekarar ne kuma idon Yaya Sale ya fara hazo, ya aiko cewa lokaci ya yi.

Aka haɗu a Ogui, a Inugu, gidan gwaggonku Hansai, don mijinta Malam Isa limami ne, kuma a gabansa ba a ɗaga murya. Aka ci tuwo, aka kawar da kwanuka, Yaya Sale ya gyara zama.

"Ado, ni ba roƙo na zo ba. Ɗana na zo karɓa. Yaran shago suna fitar da taya a gabana ban gani ba. Ina so Habibu ya dawo."

Gwaggonku ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, "Yo Bahaushe da teku? Mu da ko rijiya da guga muke gaisawa da ita!"

"Ni dai a dawo da yaron nan tudu," in ji mahaifiyarku. "Taya ba ta cin mutum."

Malam Isa ya bari suka gama, sannan ya ce, "Alhaji, ni ba ruwan nake ji ba, ruwa da tudu duk na Allah ne. Jirgin nake ji. An ce ana shan giya, an ce mata suna yawo da ɗan abin da bai kai hankici ba. Matashi ba uba ba malami, ina zai sa idonsa? Ina kuma alƙibla a abin da yake juyawa dare da rana?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a cikinmu nan wa ya taɓa ganin jirgin?"

Ba wanda ya taɓa ganin sa. Na ci gaba:

"To ni tun da nake ban taɓa sayen inji ban ji kukansa ba, ban kuma taɓa ƙin inji ban buɗe murfinsa ba. Ba a cinikin biri a sama. Zan je in gani. Idan abin banza ne, da kaina zan kawo shi Anacha."

Yaya Sale ɗan kasuwa ne, ya san inda ake ɓoye tsaga a cikin magana. Ya ce, "Idan kuma ba na banza ba ne fa?"

"Sai in zo in faɗa maka a fuskarka, Yaya."

Na je likita ya duba ƙirjina da jinina, ya ce zan kai. Na haɗa tafiyar da zuwana Dubai sayen kaya, daga can na hau jirgin sama zuwa tsibiran. Kuma na biya kuɗin ɗaki kamar kowane baƙo, ko da yake mai jirgin ya so ya yafe mini, don wanda aka ba kyauta ba ya iya kushe kaya. Yayanku ya tare ni tare da sauran baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, ya ɗauki jakata ya yi gaba. Wata tsohuwar Bajamushiya da za mu shiga jirgi ɗaya ta ji an ce ɗana ne, ta ga ba runguma ba musafaha, ta matso ta tambaye ni ko faɗa muka yi. Turancina na bakin ruwa ne, na ce mata, "No wahala, madam, na so we dey do." Ta girgiza kai kamar an gaya mata mutuwa.

Sauran baƙi suka hau sama ɗaukar hoto, ni na nemi ɗakin inji. Kyaftin ya yi mamaki, amma ya kai ni. Na duba mai, na duba bel, na shafa ƙasa in ji ko akwai yoyo, na saurari injin yana aiki. Sannan na ce a nuna mini injin da ke cika tukwanen iska, don iskar nan ita yaron zai shaƙa kullum. Na bi bututun da yake jawo iska da hannuna har inda ya ƙare, na ga an kai shi nesa da hayaƙi, ta inda iska ke kaɗowa. Na sa aka buɗe tukunya ɗaya na sansana, ba warin mai. Duk wanda ya kula da abin da baƙo ba zai taɓa dubawa ba, ana iya zama da shi. Wannan ɓangaren ya ci.

Maganar Malam Isa kuwa, ga abin da na gani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ma'aikatan jirgin, daga kyaftin har mai dafa abinci, Musulmi ne, mutanen tsibiran nan haka suke. Lokacin salla kyaftin zai dubi kamfas ya nuna da hannu, a shimfiɗa a saman jirgi. Wata asuba na ji kiran salla yana tasowa daga wani tsibiri da bai fi kasuwar kifi ta Borokiri girma ba, na tsaya da buta a hannu har aka gama. Giya akwai, a wani lungu, wani baƙon ma'aikaci ne yake zubawa, kuma duk wanda ya sha da rana ba ya ƙara shiga ruwa sai gobe, yayanku ne ma yake hanawa. Tsiraici ma akwai. A nan na sa ido daga gefe in ga inda yayanku yake kai idonsa. Idan mace ta tsaya a gabansa ya duba mata kaya kafin ta shiga, abin da yake kallo shi ne maɗauri da allurar da ke nuna iska. Ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba, amma ido na san shi, da shi na ci abinci shekara da shekaru.

Su baƙin sun ba ni dariya. Gari bai gama wayewa ba za a kaɗa ƙararrawa, su fito da kumburarrun idanu, yayanku ya zana musu a allo yadda dutsen ƙarƙashin ruwa yake da inda igiyar ruwa za ta ja su. Su goya tukwane masu nauyi, su shiga ƙaramin kwalekwale, su nutse. Su dawo su ci, su yi barci, a sake kaɗawa. Na ce wa kyaftin, leburori a Mile 2 biyan su ake yi su yi irin wannan wahala, waɗannan su suke biya. Kwana biyu ina bin su a kwalekwalen da rigata da hulata, ina kallon su suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai kumfa kawai ke tasowa. A rana ta biyun na gane cewa yaudarar kaina nake yi. Na duba jirgi, na duba mutane, amma aikin da na zo dominsa yana ƙasa. Ina sama ina sauraron kumfa, in koma in ce wa Yaya na ji kukan inji? Ni da na yi fiye da rabin rayuwata a bakin ruwa ban taɓa bari ya wuce gwiwata ba, na ce wa kyaftin ya gaya wa yaron ina so in shiga.

Ya zo ya same ni a inuwa, ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Baba, kyaftin ya ce kana so ka shiga."

"Ya faɗi daidai."

"Akwai abokin aikina, ya fi ni daɗewa. Shi zai kai ka."

"Shi na zo gani?"

Ya gyara durƙusonsa. Sannan ya ce, "To Baba, a ƙasa babu magana, babu kuma aike. Dole in kalli idonka, kai ma ka kalli nawa. Dole in riƙe ka. Abin da na ce da hannu shi za a yi, ko ba ka so."

Tun da aka haife shi bai taɓa jera mini magana mai tsawon haka ba. Na ce, "Sai me kuma?"

"Sai gashin baki. Gilashin fuska ba ya kamawa a kansa, ruwa zai riƙa shiga."

"Gemun fa?"

"Gemu ba ruwansa."

"To rage gashin baki sunna ne. Kawo almakashi."

Da yamma aka kai mu wani tudun yashi inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ya sa mini wata falmaran da ake hura wa iska, ya ɗaura mini bel mai dalma, ya goya mini tukunya, ya ba ni takalman roba kamar ƙafar agwagwa, ya sa mini abin numfashi a baki. Muka durƙusa a kan yashi ruwa ya rufe mu. Ya koya mini yadda ake toshe hanci a hura don kunne ya buɗe, da yadda ake korar ruwa daga gilashi da iskar hanci. Abu biyu ya yi ta maimaitawa da muka ɗago: kada in riƙe numfashi, kada in yi gaggawar hawa sama. Ya ce iskar da ke ƙirji tana kumbura yayin da mutum ke tasowa, wanda ya riƙe ta ya taso da gudu, huhunsa zai yi abin da tub ɗin taya ke yi idan an cika masa iska fiye da kima. Wannan misalin na gane shi, a shagon taya na fara kwana. Duk wannan koyarwar ina kallon kafaɗarsa ne, ban yarda na kalli idonsa ba, shi ma bai matsa ba.

Washegari da hantsi muka shiga na gaske, mu biyu, yana riƙe da damtsena. Muka bi igiya a hankali har zurfin da na kwatanta da bene hawa biyu. Ban ji komai ba sai numfashina, kamar wani yana jan zugazugi a cikin kaina. Na fara ganin kifaye, na fara cewa ashe abin ba wuya. Sai ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin gilashin, ya taru ya kai hancina. Maimakon in hura, sai na shaƙa. Gishiri ya bugi maƙogwarona, tari ya kama ni, duk abin da aka koya mini jiya ya tashi. Na ɗaga kai na ga haske a sama, jikina gaba ɗaya ya ce can. Na fizge hannuna, na fara harba ƙafa.

Sai na ji an cafke ni a ƙirji. Ya damƙi falmaran ɗin da hannu ɗaya, ya jawo ni har gilashinsa ya kusa taɓa nawa, ɗaya hannun ya danne mini abin numfashin a baki. Na ture shi. Ina gaya muku gaskiya, na kai masa duka a kafaɗa da duk ƙarfina, a raina ina cewa, ni za ka riƙe? Bai saki ba. Bai kuma ƙara matsewa ba. Babu inda zan kai idona sai cikin nasa, na kuwa kalla, karo na farko tun yana jariri. Ban ga tsoro a ciki ba, ban ga kunya ba, ban ga ma ɗana ba. Mutum na gani a bakin aikinsa. Ya saki bakina, ya fara kai tafin hannunsa ƙirjinsa yana dawo da shi a hankali, shaƙa, fitar, shaƙa, fitar. Na yi tarin a cikin abin bakin, iska ta ci gaba da zuwa. Na bi hannunsa. Ya nuna goshinsa, na danna saman gilashin na hura da hanci, ruwan ya fita. Da ya ga allurata da idona sun kwanta, ya tambaye ni da hannu: sama, ko gaba? Na nuna gaba.

Abin da na gani bayan nan ba ni da Hausar faɗarsa duka. Murjanin da iyayenku mata ke ɗaurawa a wuya, na gan shi da ransa, gari guda, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, ƙananan kifaye suna shiga suna fita kamar ranar kasuwa. Wata kififiya ta wuce mu ba ta ko dube mu ba. Can wani kifi mai faɗin tabarma ya taho yana kaɗa fukafukai, inuwarsa ta rufe mu, yaron ya matsa damtsena kaɗan ya nuna mini in tsaya cik. Na yi tasbihi a cikin roba. Sannan ya taso da ni a hankali, ya tsayar da ni kafin mu kai sama har sai da ya gamsu, muka fito.

Muna hawa kwalekwale ya cire mini tukunya, ya koma gefe ya durƙusa, idonsa ya koma ƙasa kamar ba shi ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Na riƙe ka."

"Haka kake riƙe kowa?"

"Kowa, Baba."

"Ko mai kuɗin da ya biya, yana dukan ka ya ce ka sake shi?"

"Idan ya fito sai ya kai ƙarata."

Na juya na kalli ruwa don kada ya ga fuskata. A nan ciniki ya faɗa. Yaron da ba ya iya riƙe farashin inji a gaban mai saye, ya riƙe ubansa yana dukan sa bai saki ba. Na san kaya, na kuma san inda kaya ke da daraja. Idan na kai shi Anacha, zan samu matsakaicin mai sayar da taya, in kashe gwani. Ranar da za mu rabu, bayan la'asar, na kira shi da kaina ba aike. Na ce ya amsa wa mai jirgin, ya riƙe salla, ya riƙa neman Baffansa ko bai amsa ba, maganar shago kuma ni zan ɗauka. Na sa masa albarka. Ya ce amin.

Da na dawo Borokiri, mahaifiyarku ba ta bari na cire takalmi ba.

"Yana salla?"

"A kan lokaci."

"Yana cin abinci?"

"Ya fi ni ƙiba."

Ta ƙura mini ido. "Alhaji, ina gashin bakinka?"

Na gaya mata. Ta dafa bango ta zauna. "Kai? Kai da ko gadar Anacha za a hau sai ka rufe gilashin mota?" Ta yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta tafi hawayen suka tsaya, don ta gane abin da na yanke. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai ta abinci. Daga baya ta sauko da kanta.

Ban aika ba, ban buga waya ba. Na hau mota na tafi Anacha, na sami Yaya Sale a kan bencinsa a ƙofar shago. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da na faɗa muku, ban ɓoye dukan da na kai wa yaron ba. Na ce in yana so zan ba shi Sani, ƙaninku, ko in sa masa amintaccen mutum daga shagona. Ya saurara har na gama, yana kallon inda yake jin muryata.

"Ado, a gaban mutane ka ba ni. Sani ba shi ka ba ni ba."

"Haka ne, Yaya."

"Ka ba ni ɗa, ka karɓe, ka ba kifi."

"Na karɓe, Yaya. Ba zan ce ban karɓe ba."

"To tashi, kada dare ya yi maka a hanya."

Ko ruwa bai sa an kawo mini ba. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da shagon da na fara kwana a cikinsa ga maƙwabcinsa, aka goge sunansa daga allon. Bai ƙara taka gidana ba. Idan muka haɗu a Ogui wurin suna ko rasuwa, zan gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma mai tsada ne, don mutumin nan shi ne ubana a kudu. Amma kada wani cikinku ya rubuta shi a matsayin kuskure. Na san farashin kafin in taya.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da Baffanku, yayanku ya ajiye aiki a tsakiyar lokacin baƙi ya taho. Bai sauka gidana ba, Anacha ya wuce. Shi yake ɗaga shi, shi yake juya shi, shi yake yi masa alwala. Na je dubiya na tsaya a bakin ƙofa, na ji Yaya yana cewa, "Habibu, ɗana, ɗan gyara mini matashin nan." Ni kuwa har ya cika bai ce mini ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don roƙon yana nufin in ce da na sani, alhali ban yi da na sani ba.

A maƙabarta, da aka sauke makara, liman ya ce ɗansa ya shiga ya karɓe shi. Mutane suka fara duban juna, don sun san bai bar namiji ba. Yayanku ya cire takalmi ya sauka. Ni na kama ta wajen kai, na miƙa masa yayana, ya karɓa da hannu biyu ya kwantar da shi a hankali, ya juya fuskarsa alƙibla. Babu wanda ya ce ba huruminsa ba ne.